Ranar da Na Tayar da Baƙin Sarki

Allon da muke wasan cas, darar nan ta Turawa, a kai yanzu murfin randa ne. Ban san ranar da tsohuwata, uwar 'ya'yana, ta ɗauke shi daga bayan ƙofa ba, sai dai wata safiya na je shan ruwa na ga moɗa zaune a tsakiyar gidajen nan fari da baƙi, laima ta kama katakon har ya fara bankarewa. Na buɗe baki zan yi magana, ta riga ni. "Shekara nawa shina nan ba ka taɓa shi ba? Ko gara kaka aje ma?" Na sha ruwana na mayar da murfin. Gaskiyarta ce, kuma na gaji da yawa, ba zan iya musu a kan katako ba. Waɗanda muke zama da su a gaban allon duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yan wasan suna cikin wata jakar fata da ɓera ya huda, doki ɗaya ma ya ɓata tun bikin autarmu. Amma tun daga ranar, duk lokacin da na ɗaga murfin randa sai Malam ya faɗo mini a rai, shi da abin da na yi masa, wanda na kwashe rabin rayuwata ina cewa gobe zan je in nemi gafara.

Ba wai wasan ya mutu a Tambuwal ba. Akwai matasan malamai da ke zama a bencin mai shayi bakin titin Sakkwato, kowa kansa sunkuye a kan waya, suna bugawa da mutanen da ba su taɓa gani ba. Na taɓa tsayawa bayan wani ina kallo. Minti uku ne wasan gaba ɗaya, yatsa na ta tsalle, da aka cinye masa sarauniya sai ya ja tsaki ya danna wani wuri, sabon allo ya fito. Na ce masa ai da sauran wasa. Ya ɗago ya dube ni da irin ladabin da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa, ya ce, "Baba, ai wanga ya ƙare." Na wuce abina. Ban ga laifinsa sosai ba. Ga babura na wucewa, ga kwandasta na kiran fasinja, ga rediyon mai shayi, a ina mutum zai sami shirun da zai zauna da 'ya'ya biyar a kan allo tun daga la'asar har a kira magariba? Farkon wasa suka sani da tsakiyarsa. Ƙarshensa, inda allo ke zama fili kamar gona bayan girbi, ba su taɓa zama a ciki ba.

Mu a lokacinmu shiru arha gare shi. Ina sabon malami a makarantar firamare, gemu bai gama fitowa ba, ina ji da kaina saboda ni kaɗai ne a gidanmu na haɗa karatun zaure da na boko. Mahaifina limami ne, don haka kowa Ɗan Liman yake kirana. Ƙararrawarmu tsohon ƙarfen tayar mota ne rataye a reshen durumi, in aka buga shi har bakin kasuwa ana ji. Bayan an tashi yara aikinmu bai ƙare ba. A shafe allon bango da garin gawayi don ya yi baƙi kafin gobe, a duba littattafan rubutu da jan biro, a tattara guntayen alli a gwangwani, a rufe tagogi da kyau domin akuya ta taɓa cinye mana takardun jarrabawar aji huɗu. In mun gama sai mu yi alwala a bakin rijiya mu yi la'asar a gindin durumin. Daga nan gari ya lafa. Ba ka jin komai sai luguden daka daga gidajen da ke bayan makaranta, da ƙarar guga na bugun bakin rijiya, da kurciya, wani lokaci jakin mai itace ya yi kuka ya gaji ya bari. A cikin wannan shirun ne za ka ji ƙwas, itace ya sauka a kan itace, ka san Hedimasta ya fito da allonsa.

Hedimastanmu mutumin ƙasar Kebbe ne, dogo, siriri, mai magana a hankali kamar yana auna ta da mudu. Ba ma kiran sunansa, Malam kawai. Wasan ya koyo shi ne wurin wani malami Ba'indiye a kwalejin horon malamai, mutanen gari kuwa darar Malam suke ce mata. Wani masassaƙin turmi ne ya sassaƙa masa 'ya'yan, kuma Malam ya hana a yi musu fuska don kada malaman gari su ce an kawo gumaka makaranta, shi ya sa dokinsa ya fi kama da ƙotar fartanya. Mu muka raɗa musu sunayen da suka fi mana daɗin faɗi. Ƙananan nan da ke tafiya taki ɗaya ɗaya ba sa komawa baya, dakaru. Mai kauri ɗin nan na kusurwa, wanda ke tafiya miƙe iya ganinsa, gaba ko gefe, muka ce rumbu, don da shi ya yi kama. In ka kai wa sarkin abokin wasa hari sai ka ce kashedi, dole ya kauce. In ba wanda ya iya cin wani, kunnen doki ke nan.

Malam ba ya fara koya wa mutum daga farko. Sai ya share allon da gefen hannunsa ya bar sarki biyu, rumbu biyu da dakare ɗaya tal. "Kowa ya iya shuka," in ji shi, "girbi shi ka nuna manomi." Dakaren nan ɗaya shi ne duk rigimar, domin in ya kai ƙarshen allo sarauniya yake zama, wasa kuma ya ƙare. Mai shi yana son ya raka shi, ɗayan yana son ya tare. Za ka ɗauka abu ne mai sauƙi sai ka zauna. Taki ɗaya na sarki zuwa dama maimakon hagu ya isa ya mayar da ci ya zama kunnen doki. Mukan yi mako guda a kan tsayuwa ɗaya, mu huɗu ko biyar, kowa ya kawo dabararsa Malam ya rushe ta da yatsa ɗaya, ba ya dariya, ba ya faɗa. In ka yi gaggawa sai ya ce sannu ba ta hana zuwa, ya mayar da 'ya'yan inda suke. Ban taɓa son wani karatu kamar wannan ba, kuma ban taɓa son wani malami kamarsa ba.

Yana da wani tsohon littafi na Turanci marar bango, mai warin kananzir, cike da wasannin gwanayen da can. A ciki akwai wasa ɗaya da ya fi so, tsakanin wasu manya biyu da ba mu iya faɗin sunayensu ba, mu dai Fari da Baƙi muke ce musu. Yakan buga mana shi tun daga takin farko da ka, yana bayani, har allo ya yi fili. A ƙarshe dakaren Fari saura masa taki biyu ya kai, sarkinsa na gabansa yana share masa hanya. Sarkin Baƙi an ture shi gefe ta ɓangaren da allon ya fi ƙunci, rumbunsa kuma na can baya yana bin dakaren. A nan littafin ya ce Baƙi ya sallama. Malam zai nuna mana dalili: Fari zai ƙara korar sarkin Baƙi, ya fito da nasa, ya sa rumbunsa ya yi masa garkuwa, dakare ya shige. Sannan ya kai yatsa kan baƙin sarki ya kwantar da shi a hankali kamar mai kwantar da jariri. "Ku duba wanga mutum," yakan ce. "Bai jira anka wulaƙanta shi ba. Ya duba, ya ga babu, ya kwantar da sarkinai ya miƙa hannu. Sanin lokacin tashi mutunci na." Na ji wannan magana ta fi sau ashirin, kuma kullum muryarsa takan yi laushi in ya zo wurin.

Wani hutun damina ina taya gidanmu noma a gonarmu ta hanyar Sanyinna. Da rana ta take na zauna gindin aduwa, na zana allo a kan jiƙaƙƙen yashi da tsinke, na jera tsakuwa da 'ya'yan aduwa, ba don komai ba sai don in huta da fartanya. Sai na tambayi kaina, wa ya ce dole rumbun Baƙi ya zauna a baya? Na ɗauke shi na kai shi can ƙarshen allo ta ɓangare mai faɗi, nesa, gida uku tsakaninsa da dakaren. Daga can sai ya riƙa yi wa sarkin Fari kashedi ta gefe. Sarkin ya kauce, kashedi. Ya sake kaucewa, kashedi. Babu inda zai ɓuya, domin dakarensa daga baya kawai yake kare shi. In ya ce zai taka ya je ya kori rumbun, ya yi nisa da dakarensa, a cinye. Na share na sake zanawa. Kwana shida ina wannan, har yayana ya ce ko aljanun aduwa ne suka kama ni. Ko ta ina na bi, kunnen doki ne. Babban gwanin nan na cikin littafi ya kwantar da sarkinsa alhali ba a ci shi ba. Na yi murnar da ban taɓa yin irinta ba, kuma a cikin murnar nan ne Shaiɗan ya sami wurin zama.

Ni ɗan zaure ne, na san yadda ake yi. A zauren mahaifina in ɗalibi ya ga malami ya zame a karatu, ba ya buɗe baki a gaban jama'a. Sai ya bari kowa ya watse, ya naɗe buzu, ya gyara littattafai, sannan ya durƙusa ya ce akwai wurin da bai gane ba, ko Malam zai sake duba masa. Malam ya duba, ya ga abin da kansa, gobe ya gyara a gaban kowa da bakinsa. Ba wanda ya faɗi, ilimi kuma ya ƙaru. Tun ina ƙarami nake ganin haka. Da na bi wannan hanya da Malam ya fi ni murna, na tabbata. Amma na ji cewa da an dawo daga hutu za a yi taron hedimastocin yankin a makarantarmu, kuma na san Malam ba zai bari baƙi su tafi bai nuna musu wasansa ba. Sai na haɗiye abina na jira. Mako uku ina gaishe shi safe da yamma, ina zuba masa ruwan alwala, da wuƙata a aljihu. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma nawa ba ƙarancin sani ba ne kawai, so nake a ce Ɗan Liman ya fi littafi.

Ranar ta zo. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi uku a gindin durumi, hedimastoci kusan goma, manyan riguna, wasu sa'o'in Malam ne tun kwaleji. Ya buga wasan yadda ya saba, a natse, baƙi na gyaɗa kai ko waɗanda ba su gane komai ba. Ya zo ƙarshe, ya kwantar da baƙin sarki, ya fara maganarsa ta mutunci. Bai kai ƙarshenta ba na miƙa hannu ta saman kafaɗar wani dattijo na tayar da sarkin. Har yau ina jin ƙarar da ya yi da ya tsaya a kan allon.

"Allah shi gafarta Malam," na ce, "wanga sarki bai mutu ba. Mai shi na yay yi gaggawa."

Malam ya dubi hannuna, sannan ya dubi fuskata.

"To, Ɗan Liman. Zamna ka riƙe mai."

Na zauna gabansa, ƙafata na taɓa gefen tabarmarsa. Na ɗauke rumbu na kai ƙurya. Ya daɗe yana kallo. Ya taka, na ce kashedi. Ya taka, na ce kashedi, kuma ban faɗe ta a hankali ba. Ya mayar da 'ya'yan ya gwada wata hanya, ya sake mayarwa ya gwada ta uku. Gumi ya tsattsafo masa a gefen hula. Wani hedimasta mai ƙiba, wanda ko doki da rumbu bai bambance ba, ya yi dariya ya ce, "Yau dai an ishe ka, Malam. Ashe shekara da shekaru gawar mai rai kaka yi muna wa'azi da ita." Wasu suka taya shi. Malam bai ɗago ba.

"Kunnen doki na," ya ce. "Yaro ya yi gaskiya."

Ya tattara 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya ya zuba a jaka, ya ce lokacin magariba ya gabato, alhali rana na nan da sauranta. Washegari na tarar da allon da jakar a kan teburin ajina. Na ɗauka na kai ofis, ya ce ba tare da ya daina rubutu ba, "Riƙe. Kai kas san ta." Daga ranar bai sake zama gindin durumi ba. Yana amsa gaisuwata, yana duba shirin darasina, bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Malamin Arabiyyarmu, wani dattijo da ya san shi tun da, shi ya ja ni bayan aji bayan kwana biyu. Ya ce ko na san abin da ya kawo Malam Tambuwal? Na ce canjin wurin aiki. Ya girgiza kai ya ba ni labari. Kafin ya zo mana, Malam shi kaɗai ne malami a wata sabuwar makaranta a wani ƙauye ta wajen Fakku, rumfar kara ce da allo ɗaya. Ya fara da yara cike da rumfa. Damina ta zo iyaye suka janye su gona, rani ya zo aka tafi da wasu kiwo, shekara biyu yana bin gida gida yana roƙo har ya rage saura yara huɗu. Ba wanda ya kore shi. Shi da hannunsa ya rubuta takarda cewa makarantar ba za ta yi ba, a rufe, aka kuwa rufe, kuma har lokacin da muke maganar ba a sake buɗe wata a ƙauyen ba. "Wasan ga da kaka gani," in ji malamin Arabiyya, "ba mu yaka nuna ma ba. Kansa yaka lallashi da shi. Kai kuma ka zo gaban sa'o'inai ka ce mai shi ya yi gaggawa."

Maganar ta kai kunnen mahaifina kafin Juma'a. Bai yi mini faɗa mai yawa ba. Ya ce magana zarar bunu ce, wadda ta fita ta fita, amma durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne balle durƙusa wa malaminka, in je yau. Na ce to. Na je har ƙofar gidan Malam na juyo, na ce sai an kwana biyu abin ya huce. Ƙarshen shekara Malam ya nemi a mayar da shi ƙasarsu, aka mayar da shi. Na ce bayan kaka zan je Kebbe. Kaka ta wuce na ce bayan salla. Na yi aure, aka yi mini canji, aka dawo da ni, na zama hedimasta ni ma, na binne mahaifina, na aurar da 'ya'ya. Kebbe ba Makka ba ce, ga ta nan kusa, mutanenta kullum suna cin kasuwarmu, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce Malam na nan lafiya. Wannan lafiyar tasa ita na riƙa fakewa da ita. Da farko kunya ce ta hana ni, daga baya kuma kunyar daɗewar da na yi. Wasan ma na yi ta ja da baya da shi, don duk wanda na ci sai in ji ba daɗi.

Sai da furfura ta cika mini gemu, na yi ritaya, wani mai sayar da gero ya ce mini ai tsohon nan idonsa ya tafi, kuma ba ya fita ko masallaci. Washegari da sassafe na hau mota, inda ta tsaya na hau kabu-kabu, ƙashin bayana na tuna mini shekaruna a kowane rami. Da hantsi na isa. Na same shi a zaure kwance a kan tabarma, ya ƙanƙance, carbi a hannu. Na yi sallama na durƙusa. Ya juyo da kunnensa wajena.

"Sake magana in ji."

Na sake gaishe shi.

"Ɗan Liman," ya ce. "Ka daɗe bisa hanya."

Na fara abin da na zo faɗi, wanda na shekara talatin ina shiryawa, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni. Ya ce in zana allo a ƙasa. Na zana da yatsa a kan yashin zauren, na tsinto tsakuwa da ƙwallayen dabino a bakin ƙofa. Ya faɗa mini gidan kowane ɗa da ka, bai yi kuskuren ko ɗaya ba. Ya ce shi ne Fari, in riƙe Baƙi, in riƙa faɗa masa takina. Na kai rumbu ƙurya, na yi kashedi. Sai ya sa rumbunsa tsakani ya tare. Na tsaya. A gindin aduwa na san amsar wannan, na tabbata na sani, amma yanzu na duba na duba kaina fayau. Na faɗi wani taki.

"A'a. In ka yi haka na ci ka. Koma da rumbu layin ƙarshe ka zamna. Kak ka yi komi, jira kawai. Ni ad da gaggawa, ba kai ba."

Ya bi da ni hanya bayan hanya, wasu ban taɓa tunaninsu ba, yana faɗin takin Fari yana faɗin na Baƙi, idonsa a rufin zaure. Ashe duk shekarun nan da ba shi da allo bai bar tsayuwar nan ba ko kwana ɗaya. Ya nemi hanyar da Fari zai ci ta kowace kusurwa.

"Babu," ya ce. "Na nema. In da akwai da na ishe ta."

"Malam, ka yafe mani. Na san yadda aka yi, na ƙi yi. Da gangan nay yi."

"Na sani. Wagga kunya ta gaban mutane mako guda tay yi mani, na yafe ta tun kana saurayi. Ba ita ta ba." Ya ja carbinsa. "Da ina kwana da cewa ba yadda za a yi. Kai kaɗ ɗauke mani wannan. Yara fuɗu, Ɗan Liman. Ba sai na ci ba. Zama kawai za ni yi da su har iyayen su gaji."

Na so in ce makaranta ba allo ba ce, na so in ce ƙaddara, amma mutumin da ya koya mini kada in yaudari kaina a kan tsayuwar 'ya'ya ba zan kawo masa wannan ba. Muna zaune haka aka yi sallama. Wani mutum ya shigo, manomi, gemunsa ya fara fari, ya tuɓe takalma ya durƙusa ya gaida Malam da sabo irin na wanda ya saba shiga gidan. Ya ciro wata 'yar takarda da ƙullin magani daga aljihu. Matarsa ce ba lafiya, an rubuta masa yadda za ta sha, ya manta abin da aka ce.

"Kai ma ka san ba ni gani yanzu," in ji Malam. "Ba baƙona shi karanta maka."

Na karɓa na karanta masa: ƙwaya ɗaya da safe, ɗaya da yamma, bayan an ci abinci, kwana biyar. Layi biyu ne kacal. Ya maimaita sau biyu yana lanƙwasa yatsu, ya yi mini godiya mai yawa. Ya tambaya daga ina nake, na ce Tambuwal, ni ɗalibin Malam ne.

Fuskarsa ta washe. "Ashe ɗan'uwa na. Ni ma ɗalibinai na, can ƙauyenmu wajen Fakku. Mu fuɗu munka rage. Har mun fara haɗa baƙi, sai anka rufe." Ya faɗe ta da alfahari, ba ƙorafi ko kaɗan a muryarsa. "Tun da nid dawo garin ga, kowace takarda tawa Malam ka karanta mani. Allah shi saka mai."

Ya ninke takardarsa ya yi sallama ya fita, a hanyarsa ya taka gefen allon da na zana bai ma lura ba. Na juya wajen Malam. Ya riga ya juya fuskarsa bango, carbin ya tsaya a hannunsa. Na zauna har azahar ko zai sake magana, bai sake ba. Daminar shekarar ya rasu, Allah ya haskaka kabarinsa ya sa ya huta. Gafarar da na je nema na samo ta, na hau kabu-kabu da ita na dawo gida, kuma ban ji ta rage mini nauyin komai ba.